Wasiyya ga Gidan Zu da Gandun Daji: Abin Yi da Abin Bari

Gidan zu na Landan, wanda aka buɗe a 1828, har yau yana roƙon Turawa su tuna da shi a wasiyyarsu. Mu ma shari'a ta yarda, amma da iyaka. Kai mai dukiya a Alkalawa ko wata unguwa a Jimeta da Yola, saurara.

1. Biya bashi tukuna. Likkafani, bashi, wasiyya, sannan gado. Wanda 'yan kasuwa ke bi bashi bai isa ya ciyar da kura ba.

2. Kada ka wuce sulusi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya nemi bayar da fiye, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya ɗara, sai magada sun yarda.

3. Kada ka fake da zaki don ƙuntata wa 'ya'yanka mata ko ɗan da kuka saɓa.

4. Rubuta, da shaidu biyu adilai, kana da lafiya. Kira sunan wurin: gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ɓangarensa na arewa ke wajen Toungo, ko gidan zu na Audu Bako a Kano, ko Sanda Kyarimi a Maiduguri. "Na bar wa dabbobi" magana ce da za ta kai iyalinka gaban alƙali.

5. Kada ka bar tsabar kuɗi. A 2019 aka nemi Naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano aka rasa, labari ya bazu cewa goggon biri ne ya haɗiye, alhali babu irinsa a gidan. Bar shago ko gona, hayar ta riƙa sayen nama, harawa da magani wata bayan wata. Cikin zaki bai san kasafin kuɗi ya makara ba.

6. In hubusi za ka yi tun kana raye, saki abin ya koma hannun mai kula. A mazhabar Malikiyya, in ka mutu yana hannunka ya koma gado.

7. Kada ka ce a gina ƙofa mai ɗauke da sunanka, kada ka ce a sayo sabuwar dabba. Waɗanda ke keji ma ba su ƙoshi ba.

8. Naɗa wasiyyi mai tsoron Allah wanda ya iya lissafi, ya riƙa karɓar rasiɗi.

9. Kada ka saurari mai cewa ɓarna ce. An gafarta wa mutum don ya shayar da kare, wata kuma ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure ba ci ba sha.

10. Faɗa wa matanka da 'ya'yanka da bakinka. Kada su fara ji ranar sadakar uku.