MADATSAR RUWA TA ƘASA: ABIN DA MAI ITA YA KAMATA YA SANI

Damana wata uku ce ko huɗu, rani kuwa dogo ne. Shi ya sa manoma da yawa ke sha'awar datse korama, su tare ruwan sama domin noman rani da shayar da bisashe. Akwai manyan madatsu da gwamnati ta gina, kamar na Mozage da Zango bisa Maggiya, masu ba gonakin Ƙonni ruwa, da ta Ibohaman cikin ƙasar Keita, da ta Kasama cikin jahar Damagaram. Waɗannan suna da ma'aikata masu lura da su. Akwai kuma ƙananan madatsu, na mutum ɗaya ko na ƙungiya. Su mai su ne ke lura da su. Darasin yau bisa kansu yake.

Mene ne madatsar ƙasa?

Jinga ce ta ƙasa da ake ginawa a gicciye cikin korama. Ruwa yana taruwa bayanta, ya zama tabki. Tana da sassa uku: jingar kanta, da tushenta wanda ke binne, da mafitar ruwa, wato hanyar da rarar ruwa ke bi in tabki ya cika.

Ruwa yana da nauyi. Litir ɗaya kilo ɗaya ne. Eka ɗaya fili ne mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100. In an yi ruwa milimetir 1 bisa eka ɗaya, litir 10.000 ne suka zuba, wato tano 50. In an yi milimetir 40 dare guda, tano 2.000 ke nan bisa kowace eka. Koramar da ke kwasar ruwan eka 100 ta samu tano 200.000. Ko kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya gangaro, tano 50.000 ne za su iske jinga kafin asuba. In jinga ta ɓalle, duk wannan ruwa zai sauka gaba ɗaya bisa gonaki da rijiyoyi da gidajen da ke ƙasa.

Manyan madatsu ma suna ɓallewa. Ta Bagauda, kusa da Kano, ta ɓalle a shekara ta 1988 bayan ruwa mai yawa. Ta Alau ta ɓalle cikin watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye birnin Maiduguri, mutane suka mutu, dubbai suka rasa gidajensu. To, ina ga ƙaramar jinga da aka yi da hannu?

Abin da doka ta ce

Gona tana iya zama ta mutum ɗaya, amma ruwan gulbi da na korama na jama'a ne duka. Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka kafa a shekara ta 2010, ta sa su cikin dukiyar ƙasa. Wanda zai tare ruwa ko ya canza masa hanya sai ya sanar da hukuma. Wani aikin sanarwa ta isa, wani kuma sai da takardar izini. Ma'aikatan ruwa ne ke faɗin wanda ya shafi kowane aiki.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. A ƙauye maigari ne shugaban Kofo. Kafin a haƙa ko da rami ɗaya, sai mai aiki ya bi waɗannan matakai:

1. Ya je wurin Kofo, a tabbatar filin nasa ne, a ba shi takarda.
2. A auna iyakar inda ruwa zai kwanta. In zai ci gonar maƙwabci, sai an shirya da shi gaban shaidu, an rubuta.
3. A tara mutanen da ke ƙasan korama, a gaya musu. Su ma suna da hakki cikin ruwan, kuma su ne hatsari zai fara iskewa.
4. A duba burtali da mashayar bisashe. Ba a toshe su.
5. A kira ma'aikatan gine-ginen karkara, waɗanda ake ce wa jeni rural, su auna wurin, su faɗi tsawon jinga da faɗin mafita.

Takardar izini ba ta ɗauke wa mai madatsa nauyi. In sakacinsa ya sa ta ɓalle ta yi ɓarna, shi za a nema, shi zai biya diyya.

Yadda ake gina jinga mai ƙarko

Da farko a share wurin. A kwashe ƙasar sama, da saiwoyi, da kututture, da suri. Duk abin da zai ruɓe cikin jinga zai bar rami.

Sa'an nan a haƙa dogon rami a tsakiyar tushe, daga wannan gaɓa zuwa waccan, har a tarar da laka ko ƙasa mai tauri. A cika shi da laka, a daɓe. Wannan rami shi ke hana ruwa bi ta ƙarƙashin jinga.

Rairai zalla ba ya riƙe ruwa. Laka zalla kuma tana tsagewa da rani. Ƙasar da ta fi ita ce laka mai ɗan rairai. Ga yadda ake gane ta: a jiƙa ta kaɗan, a murza ta cikin tafin hannu kamar igiya. In ta miƙe ba ta karye da wuri ba, tana da kyau.

Ba a tula ƙasa gaba ɗaya. Ana shimfiɗa ta kauri santimetir 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sa'an nan a ƙara wata. Jingar da ba a daɓe ba, damana ɗaya ta ishe ta.

Jinga ba ta tsayawa kamar bango. A gefen ruwa, kowane metir 1 na tsayi yana son metir 3 na faɗi. A gefen baya yana son metir 2 ko fiye. Bisa kanta a bar faɗin metir 3.

Mafita ita ce ran madatsa. Ana haƙa ta gefe guda, cikin ƙasa ta asali, ba cikin jinga ba. A shimfiɗa mata duwatsu ko gabiyon, wato kejin waya cike da duwatsu. Kan jinga ya ɗara ruwa mafi yawa da aƙalla rabin metir. Ruwa ba zai taɓa bi bisa kan jingar ƙasa ba tare da ya cinye ta ba.

Abokan gaban jinga

Na ɗaya, kwaɗayi. Wani in ya ga tabki ya cika, sai ya jera buhunan ƙasa a bakin mafita don ya ƙara ruwa. In aka yi ruwan dare, rara ba ta da hanya, sai ta hau jinga. Kada a toshe mafita ko da rana ɗaya.

Na biyu, itatuwa. Saiwar icce tana ratsa jinga. In iccen ya mutu, saiwa ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Ciyawa mai yaɗo ake so bisa jinga, ba icce ba. A cire tsiro tun yana ƙarami. Babban icce kuwa, a nemi shawarar ma'aikaci kafin a sare shi.

Na uku, gara da gafiya da kurege. Raminsu ƙarami ne a baki, amma yana da zurfi. A tone shi har ƙarshe, a cika da laka, a daɓe.

Na huɗu, bisashe. Kofato yana kashe ciyawa, ya buɗe hanyar zaizaya. A yi musu mashaya nesa da jinga.

Na biyar, rairai da taɓo. Kowace damana korama tana kawo su, tabki yana cikewa. Haka ya samu madatsar Ibohaman. Maganinsa yana can sama: a jera duwatsu cikin gonaki, a dasa itatuwa bisa tudu, kamar yadda aikin Keita ya yi tun daga 1984.

Yaushe ake duba madatsa?

Da bazara, kafin ruwan farko, mai madatsa ya taka ta daga wannan kai zuwa wancan. Ya share mafita, ya cike tsaga da ramuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da damana kuma ya dubo ta kowane mako, da bayan kowane babban ruwa. Wanda ya iya rubutu ya ajiye littafi: ranar da ya duba, tsayin ruwa, da abin da ya gani. A kafa sanda mai zane cikin tabki domin awo.

Ya fi lura da bayan jinga. Ɗan ruwa garai-garai mai tsattsafowa, wanda ba ya ƙaruwa, sai a sa masa ido. Amma in ruwan ya zama mai laka, ko yana ƙaruwa, to yana kwasar ƙasa daga cikin jinga ne. Sauran alamun hatsari su ne: kan jinga ya lotsa, gefe ya zame, doguwar tsaga ta buɗe, ko ruwa yana juyawa wuri ɗaya kusa da jinga.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, aikin farko shi ne mutane. A gaya wa maigari, a buga ganga ko a kira da waya, mutanen ƙasan korama su hau tudu da yaransu da bisashensu. A sanar da hukuma nan take. Kada kowa ya tsaya bisa jinga ko cikin korama. Tun da rani ya kamata gari ya san wanda zai yi kira da tudun da za a hau, don ruwa ya fi zuwa da dare.

Lafiya

Ruwan tabki ba na sha ba ne sai an tace an tafasa. Wanka cikinsa yana kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Sauro ma yana haihuwa a bakinsa, sai a kwana cikin gidan sauro. Kada a bar ƙananan yara su je bakin tabki su kaɗai.

Tambayoyi

1. Don me ba a haƙa mafita cikin jinga?
2. Ruwa mai laka yana fita bayan jinga. Me za a fara yi?
3. Wa ke shugabancin Kofo a ƙauye?
4. Lissafi: an yi ruwa milimetir 30 bisa eka 20. Tano nawa suka zuba?
5. Lissafi: jinga tana da tsayin metir 2. Gefen ruwa metir 3 ga kowane metir, gefen baya metir 2, kanta metir 3. Metir nawa ne faɗin gindinta?