Ɗan Gudun Hijira Ko Baƙon Haure? Nazarin Wasu Kalmomi Daga Iyakar Adamawa

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar fassara, kan wasu kalmomi da muke ji a rediyo kullum muna ɗaukar su abu ɗaya, alhali doka ta raba su. Misalaina daga Yola da Jimeta na ɗauko su.

Kalma ɗaya, doka biyu

A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika. Jama'a suka watse. Wasu suka nufo Yola, aka sauke su a Malkohi da Damare da harabar cocin St. Theresa a Jimeta. Wasu kuwa suka tsallaka Kamaru, da yawansu suka ƙare a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013. Bahaushe duk 'yan gudun hijira yake ce musu. To amma wanda ya tsallaka iyaka, yarjejeniyar Janiba ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta 1969 ne ke kare shi, kuma jigonsu shi ne ba a mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Wanda ya tsaya a Malkohi yana ƙasarsa, gwamnatinsa ce ke da alhakinsa, kamar yadda yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanada. Ni a ganina mai fassara ya riƙa ƙara "na ƙetare" ko "na cikin gida". Jimlar za ta yi tsawo, amma ma'ana ta fita.

Baƙon haure fa? Kalmar daga "haura" take, kamar mai haura katanga ya shiga gida ba sallama. Zargi ne a cikinta. A 2015, bayan hare-haren bam a Marwa, Kamaru ta tasa ƙeyar dubban 'yan Nijeriya ta Sahuda, kusa da Mubi, wasu aka kawo su sansanonin Yola. Wato an ɗauki mai neman mafaka a matsayin baƙon haure. Kada mu manta Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ba ta shafe ta ba. Abin ban mamaki shi ne Garwa da Ngaundare a da duk ƙarƙashin Lamiɗon Fombina suke, sai a 1893 Ingila da Jamus suka raba ƙasar a takarda.

A ranar 2 ga Maris 2017 Nijeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a Yawunde cewa duk mai komawa gida sai bisa raɗin kansa. A Agustan 2019 jirgin sojan sama ya sauke mutum ɗari da talatin da 'yan kai a Yola ƙarƙashin wannan yarjejeniya. A nan ne aikatau ke da aiki. Idan mai labarai ya ce "an dawo da su", mai sauraro bai san ko na 2015 ake nufi ko na 2019 ba. "An tasa ƙeyarsu" dabam, "sun dawo bisa raɗin kansu" dabam.

Fasa-ƙwauri da safara

Yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan gungun masu laifi ta raba abu biyu da mu kan haɗa. Mai fasa-ƙwaurin mutane kuɗi ake biyan sa ya tsallakar da mutum ta ɓarauniyar hanya, da an tsallaka ciniki ya ƙare. Mai safarar mutane kuwa yaudara ko tilas yake amfani da su don ya ci guminsu, kuma ba sai an tsallaka iyaka ba. Yarinyar da aka ɗauke daga sansani da alkawarin makaranta, aka kai ta aikatau a wani gari na Nijeriya ba albashi, safararta aka yi. Irin wannan laifi hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ke gurfanar da mai shi a kotu, yarinyar kuma doka ba ta ɗauke ta mai laifi ba.