Koyarwa Ta Hanyar Ƙagaggen Labari: Nazarin Littafin The Deadline

A shekarar 1997 ne Tom DeMarco, wani Ba'amurke masanin kwamfuta, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna The Deadline. Jigonsa shi ne yadda ake tafiyar da aikin ƙera manhaja, watau tsararren umarnin da kwamfuta take bi.

Tauraron labarin, Tompkins, manaja ne da ya rasa aikinsa. Aka sace shi zuwa wata ƙagaggiyar ƙasa, Morovia, aka ɗora masa nauyin ƙera manhaja shida. Da yake ma'aikata sun wadata, sai ya sa rukuni uku a kan kowace manhaja, don a gwada a ga wanda zai fi. A nan dabarar marubucin take, domin da wuya kamfani ya biya kuɗin aiki guda sau uku don neman darasi kurum, amma alƙalami yakan yi haka kyauta.

Daga baya wani minista, Belok, ya rage wa'adi, ya sa a tara jama'a cikin manyan rukunai. Waɗannan suka yi ta tuntuɓe, saboda tilas a raba wa kowa aiki tun ba a gama tsara shi ba. Ƙananan rukunan da Tompkins ya ɓoye su suka fi. Fred Brooks ya yi gargaɗi makamancin wannan tun 1975.

Sai dai sakamakon gwajin a hannun marubucin yake, shi ya zaɓi gwani. Taurarin ma ba su da zurfi ainun, yawancinsu sukan ɓullo ne su sauke darasi, Tompkins ya rubuta a littafinsa a ƙarshen babi, su wuce.