Kafaffiyar Taga: Tsayar da Taga a Saman Sauran Tagogin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta yana fassara, yana leƙa ƙamusun Bargery na 1934 ta intanet, ko kuwa yana juya hirar da ya ɗauko daga bakin mawaƙi zuwa rubutu, ya san wata 'yar matsala mai cin rai. Da zarar ya taɓa tagar da yake rubutu a ciki, sai ta ƙamusu ta nutse a baya. Manufar wannan darasi ita ce bayyana dalilin haka da kuma maganinsa.

Tagogi masu hawan juna sun samo asali ne daga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, cikin shekarun 1970. Windows na farko, wanda ya fito a 1985, jera tagoginsa yake yi gefe da gefe, sai a 1987 aka ba su damar hawan juna. Tun daga nan kwamfuta take riƙe su tamkar tarin takardu a kan tebur, wato kowace tana da matsayinta daga sama zuwa ƙasa, kuma wadda aka taɓa ita ke hawowa.

A nan ne ya kamata mu lura da wani bambanci da ba kowa ke kula da shi ba. Kasancewar taga a sama daban, kasancewarta mai karɓar rubutu daban. A bisa al'ada abubuwan biyu tare suke tafiya, shi ya sa muke ɗaukarsu abu guda. To, amma ana iya raba su, a ɗora taga a wani hawa na musamman wanda sauran ba sa kaiwa, alhali haruffan da ake bugawa suna zuba a tagar da ke ƙarƙashinta. A ganina sunan da ya fi dacewa da ita shi ne "kafaffiyar taga", duk da cewa ana iya matsar da ita gefe. Matsayinta ne aka kafe, ba wurin zamanta ba. Ina fatan malamanmu za su auna wannan kalma.

A Windows, Microsoft ya ƙara wannan dabara cikin PowerToys a farkon 2022. Bayan an sauke manhajar, sai a taɓa tagar da ake so, a danne maɓallan Windows da Ctrl da T gaba ɗaya. Wani layi mai launi zai kewaye ta, alamar ta kafu, in kuwa an sake dannawa sai ta saku. A Linux mai tsarin GNOME ba a bukatar ƙarin manhaja: maɓallan Alt da Space suna buɗe jerin umarnin taga, a zaɓi na tsayar da ita a sama. Manhajar VLC ma, wadda masu juyar hira ke yawan amfani da ita, tana da nata umarnin a cikinta.

Sai dai fa kafaffiyar taga tana rufe duk abin da ke bayanta, har da saƙon gargaɗi da wata manhaja za ta iya fitowa da shi, mutum ya yi ta zaton kwamfuta ta sandare. Don haka gara a ƙanƙanta ta, a tura ta kusurwa. Idan kuma aka kafe biyu, sai su koma hawan juna a tsakaninsu, wadda aka taɓa daga baya ta rufe 'yar'uwarta.