Yadda ake auna na'urar karanta littafi kafin a biya kuɗi

Abu na farko da za ka duba shi ne lambar da ake rubutawa da ppi, wato yawan ɗigon da ke cikin kowane inci na fuskar na'urar. Ita ke sa harafi ya fito tas ko gefensa ya yi dishi-dishi. Ƙaramar Kindle ta 2019 tana da 167, sai a 2022 kamfanin Amazon ya ɗaga ta zuwa 300, daidai da Paperwhite da Kobo Clara BW. Don haka in an miƙo maka ta hannu da araha, tambayi shekarar da aka ƙera ta tun kafin ku fara ciniki.

To, tunda sababbin duk 300 ne, me ƙarin kuɗin ke saya maka? A 2024 an fitar da ƙaramar Kindle a Amurka a kan dala 110, Paperwhite kuma dala 160. Ratar dala 50 ɗin nan ta inci 7 ce a maimakon 6, da hasken da ake juyawa ya koma ruwan ɗorawa don kada ya gajiyar da ido da dare, da kuma rashin tsoron ruwa. Mai karatu a kan gado bayan isha'i, in ya sayi Paperwhite, bai yi asara ba. Wanda karatunsa na rana ne a inuwa, ƙaramar ta ishe shi.

Masu launi kam sai an yi hattara. A Kobo Clara Colour da Kindle Colorsoft, baƙin rubutu yana nan a 300, amma launin 150 ne kawai, farin shafin ma ya fi duhu, dole ka riƙa ƙara haske. Colorsoft ta fito a dala 280. In littattafan hikaya za ka karanta, bangonsu kaɗai za ka gani da launi.

Daga nan sai gwaji da idonka. Buɗe shafin Hausa ka nemi ƙ da ɗ da ɓ, domin wani salon rubutun ba shi da su, sai ka ga sun fita daban a tsakiyar kalma. Gwada Larabci mai wasali. Shiga ɗaki mai duhu ka rage hasken, ka duba gefen fuskar ko akwai inuwa. Ka kuma saka littafin PDF: a inci 6 rubutunsa kan ƙanƙance har sai ka yi ta jan shafi da yatsa.

Farashin da ka gani ma ba shi ne ƙarshe ba. Kindle mai araha tana nuna talla idan an kulle ta, cire tallar dala 20 ne a Amurka. Ka haɗa da kuɗin kawowa, da kwastan, da rigar na'urar, sannan ka jera jimillar ka kwatanta.