Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske Sarkin Faransa ya mutu da kambi a kansa?

Tambaya: Na ga wani tsohon zane a waya, Sarkin Faransa kwance cikin tanti a Tunis yana cikawa, da kambi a kansa, limaman coci kewaye da shi. Haka abin ya faru? Kuma me ya sa mu ba mu da irin wannan zane na Makau? Daga wani malamin makaranta, Maje, Suleja.

Amsa: Malam, sarkin da ka gani Luwis na Tara ne. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1270 a sansaninsa kusa da kufan Kartaj, a yaƙin 'yan Salibiyya karo na biyu da ya fita. Na farko a Masar ya ƙare, inda aka kama shi a 1250, aka tsare shi a gidan Ibn Luƙman a Mansura sai da aka biya fansa. A Tunis kuwa ba takobin sojojin sarkinta, al-Mustansir, ne ya kashe shi ba. Zafin bazara da gurɓataccen ruwa suka jawo annoba, gudawa ta ci sansanin, ta fara ɗauke ɗansa, sannan ta kai gare shi.

To, ka san wanda gudawa ta kwantar makonni ba ya kama da mutumin da ke cikin zanen. Masu zanen ba su je Tunis ba. Shahararren cikinsu, Jean Fouquet, ya yi nasa wajen 1455 zuwa 1460 a kundin tarihin sarakunan Faransa, kusan shekara 190 bayan rasuwar. Kafin nan Paparoma ya riga ya ayyana Luwis waliyyi a 1297, saboda haka waliyyi aka ba su aikin zanawa. Kambin alama ce kawai, don mai buɗe littafi ya gane wane ne sarki. In ka ƙara girman hoton, duba shuɗin nan mai ɗauke da furanni na zinariya: tambarin gidan sarautar ne, kuma shuɗi mafi tsada a lokacin daga wani dutse na Afganistan ake niƙo shi, a shafa a kan takardar fata. Kuɗin da aka zuba a shafi guda ba na wasa ba ne.

Abin da ya biyo baya ya fi zanen tayar da hankali. Dafa gawar aka yi don a raba nama da ƙashi, aka kai ƙasusuwan cocin San Dani kusa da Paris a 1271, kayan ciki kuma ƙanensa Charles ya ajiye a Sisili.

Batun Makau kuwa, shi ma a wajen yaƙi ya cika, a Lapai a 1825, bayan jihadi ya raba shi da sarautar Zariya. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1828. Malamanmu sun iya alƙalami da tawada ƙwarai. Ka buɗe Alƙur'ani bugun hannu ka ga zayyanar ja da ruwan ɗorawa a bakin kowane hizbi. Amma ba sa zana mai rai. Aikin da fenti ya yi wa Luwis, maroƙa da makaɗan fada da dattawa ne suka yi wa Makau, har Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin Abuja. Su ma fa fadawa ne, don haka ka tambayi labarinsu irin tambayar da ka yi wa zanen.