Darasin Iyali: Ɗan Adam Nagari Ne Ko Mugu?

Karatu: Farawa 1:26-31 da 4:1-12

Gabatarwa

Hausawa sukan ce mutum rahama ne, sukan kuma ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Mu da muke zaune a Kudancin Kaduna mun ga gaskiyar maganganun nan biyu. A watan Maris 1987 gardama a kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama wutar da ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u da masallatai. A 1992 batun sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf ya ci rayuka masu yawa. A Afrilu 2011, bayan zaɓe, kasuwar Kafanchan ta ƙone, jini ya zuba a Zonkwa. Idan yaro ya tambayi iyayensa me ya sa maƙwabci ya ɗauki adda a kan maƙwabcinsa, wace amsa za su ba shi?

1. Allah ya halicci mutum da kyau

Farawa sura 1 ta koya mana cewa Allah ya yi mutum, namiji da mace, cikin kamanninsa, ya kuma ga aikinsa yana da kyau ƙwarai. Mugunta ba daga hannun Mahalicci ta fito ba. Bayan faɗuwa ma, Farawa 9:6 da Yakubu 3:9 sun hana kisa da zagi saboda wannan kamanni. Don haka Bajju da Atyap, Bahaushe da Bafulatani, daraja ɗaya suke da ita a gaban Allah.

2. Zunubi ya ɓata zuciya

Adamu da Hawwa'u sun yi rashin biyayya, ɗansu na fari kuwa ya kashe ƙanensa. Mu lura: Kayinu da Habila uwa ɗaya uba ɗaya suke, babu bambancin kabila ko harshe tsakaninsu. Cikin Markus 7:21-23 Ubangiji Yesu ya nuna cewa kisa da kishi da girman kai daga cikin zuciya suke fitowa. Siyasa da talauci sukan hura wutar, amma itacen yana cikinmu.

Ekklisiya ta daɗe da nazarin wannan batu. Wani malami mai suna Pelajiyus ya koyar cewa mutum yana iya cika nufin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya amsa cewa zunubin Adamu ya shafi dukan zuriyarsa, sai da alherin Allah za mu tsira. Majalisar ekklisiya a Kartaj ta ƙi koyarwar Pelajiyus a shekara ta 418.

3. Alherin Allah bai bar duniya ba

Lalacewar mutum ba ta nufin kowa ya kai ƙarshen mugunta. Romawa 2:14-15 ta ce waɗanda ba su da Shari'a ma suna da lamiri mai yi musu shaida. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallaci da gidansa. Irin wannan kirki ba ya sayen ceto, amma kyauta ce daga Allah, ya kamata mu gode dominta.

4. Kristi yana sāke hali

An ce hali zanen dutse. Amma cikin Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawari zai cire zuciyar dutse ya ba da sabuwa. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 a Kaduna, ya bar neman ramuwa, ya haɗa kai da Liman Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a 1995. A Maris 2016 kuma al'ummomi 29 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Takarda tana da amfani, amma sai zuciya ta sāke za ta ɗore.

Aikin iyali

Iyaye, kada mu koya wa 'ya'yanmu cewa mugunta tana ƙetaren titi kaɗai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Yaron da ya girma yana jin cewa mutanensa duka nagari ne, waɗancan kuwa miyagu, ba zai ga bukatar tuba ba, kuma da wuya ya ji tausayi. Mu hore su da ƙauna, mu bar su su ji muna furta zunubanmu lokacin sujadar iyali.

Tambayoyi

1. Wane gargaɗi Allah ya yi wa Kayinu kafin ya yi kisan?
2. Waɗanne kalmomi muke faɗi a gida game da wasu kabilu?
3. Wane maƙwabci za mu ziyarta cikin wannan mako?

Addu'a: Ya Uba, ka binciki zukatanmu, ka wanke mu da jinin Ɗanka, ka mai da gidanmu gidan salama. Amin.